Murya a Cikin Kaki

A kasuwar Barnsley, ran wata Asabar mai yayyafi,
wani mai doguwar hula ya kafa rumfa,
ya ce akwatinsa na kama murya kamar tarko.
Jabez, mijina, baƙin kwal har cikin farce,
ya ba da kwabo biyu, ya sunkuya bakin ƙaho,
kunya ta kama shi, ya rasa ta cewa.
Sai ya yi tari. Ya ce, "Keziah, ki rage mini miya."
Allura ta karci kaki, aka juya,
akwati ya maimaita, har da tarin.
Na yi dariya har da riƙe ciki.

Watan Nuwamba ramin kwal ya rufta.
Mutum goma sha ɗaya. An fito da tara.

Da sanyi ya wuce na ji mai hula ya sauka Wakefield.
Na taka mil goma, takalmi a hannu,
sule uku ƙulle a bakin mayafi.
Na ce ba akwatin nake so ba,
ɗan bututun nan kawai, mai tari a ciki.

Ya cire hula. Ya ce, "Kaki tsada gare shi, baiwar Allah,
kullum dare mukan kankare, mu ɗauki sabuwa."
Ya dai sa mini. Wata yarinya ce ke waƙar coci.

Na kasa kunne can ƙarƙashin muryarta,
inda allura ke tono kamar kaza a juji.
Na ba shi kwabo biyu ya sake juyawa.
Na ƙara biyu.