Abu Na Bakwai

Ni ne akawun da ke zama ƙasan kujerar Kakaki,
inda ba a tafa wa kowa.
Tun kafin rana ta haye ginin sakatariya
na jera wunin majalisa a takarda:
addu'a, sanarwa, rahoton kwamiti,
abu tara, kowanne da lambarsa,
kamar awaki a turke ɗaya.

Ƙarfe goma aka ce. Sha ɗaya saura
sanda ta shigo a kafaɗar Saje Ilu.
Manyan riguna suka miƙe, sitati na ƙara.
Na ƙirga huluna: sun isa a fara.

Ban gama gyara tabarau ba
Honarabul Tasi'u ya ɗaga hannu,
wai ba a kai masa takardar yau ba,
alhali da ita yake fifita.
Kakaki ya dube ni, na sunkuyar da kai.
Laifin babba rowa, laifin akawu komai.

Wani a gyara masa lasifika.
Wani a gyara sunansa a rahoton jiya,
an rubuta Nafi'u, an manta Alhaji.
Wani ya turo guntuwar takarda:
"Malam Sidi, ina da jana'iza a Fagge bayan azahar,
a dubi Allah a sa nawa gaba."
Na ninke ta, na danne da kofin ruwa.

Abu na bakwai na Honarabul Mamuda ne,
kwalbatin da ya rufta a bayan Kurna,
inda ruwan Agusta ke shiga ɗaki ba sallama.
Zama uku ke nan yana riƙe da hotuna,
ambulan ɗin har ya yi laushi da gumin hannu.
Zama uku agogo na cinye shi.

Ban taɓa gaya wa kowa a zauren nan ba
cewa layinmu ne,
cewa buhun yashi shida ke tare ƙofata,
cewa 'yata Zulai da gwiwa take auna damina.
Alƙalamin akawu ba shi da unguwa.

Awa guda aka yi kan abu na huɗu,
ko "zai" za a sa, ko "zai iya".
Masu rinjaye suka rinjaya, guduma ta sauka.
Ana shiga na biyar aka ɗauke wuta.
Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Kafin janareta ya gama tari
muka ji shi a kan rufi,
yayyafi tukuna, sa'an nan da gaske.

Mamuda ya miƙe ba a kira shi ba.
"Mai girma Kakaki, ka ji da kunnenka,
ya riga ni gabatar da ƙudurin."
Aka yi dariya. Shi bai yi ba.
Kakaki ya juya guduma a tafinsa,
ya dubi agogo, ya sunkuyo:
"Akawu, me ƙa'ida ta ce?"
"Ranka ya daɗe, bi da bi ta ce."
Harshena ya yi nauyin jiƙaƙƙen tubali.

An ɗage zama zuwa Talata.
Haka na rubuta, da kyakkyawan rubutu.

Da yamma ɗan adaidaita ya sauke ni a bakin titi,
ya ce iyakarsa ke nan.
Na tuɓe takalmi, na naɗe wando,
jakar takardu bisa ka,
ina laluben hanya da yatsun ƙafa.
Maƙwabcina Lawandi na kwarfar ruwa da bokiti.
"Malam Sidi, an yi maganarmu?"
Na ce, "An kusa."

Da dare, a hasken tocila,
na shimfiɗa jerin Talata a kan tabarmar da ta tsira.
Addu'a ba ta matsawa. Sanarwa ma haka.
Na daɗe ina duban lamba ta uku.
Kakaki ne zai sa hannu, na sani,
amma fensirin nawa ne.