Wasan Da Ruwa Ya Tsayar

Ubana, Orval Tackett, shi ke rataya lambobi
a allon maki na filin Maƙera,
can bayan tashar jirgin ƙasa ta Calder Bend,
inda hayaƙin masana'antar ƙarfe ke saukowa kan benci
kamar shi ma ya biya kuɗin shiga.

Lambobin na kwano ne, baƙin fenti, farin rubutu.
Ni ke miƙa masa su daga buhu,
shekarata tara, ƙafafuna na lilo ta tagar allo.

Garuruwa shida ne a gasarmu ta besbol.
Shida, sai biyar, ranar da aka toshe ramin kwal na Pellam.
Motar 'yan wasa tsohuwar bas ce ta makaranta,
in ta hango tudu sai ta kama tari,
mai jifa da mai cafka su sauko su tura,
kocin na ciki yana zagin injin da sunan surukinsa.

Albashi ba ya ganin ƙarshen wata.
Amma in wani ya maka ƙwallo ta tsallake shinge
har ta faɗa lambun kabewar Misis Ledbetter,
sai hula ta zaga cikin 'yan kallo,
ta dawo da nauyin tsaba, da maɓallin riga,
wata rana har da ƙwai biyu dafaffu.

Eusebio Carbonell a ɗakinmu na sama yake kwana.
Daga Kuba ya zo da jaka ɗaya da safar hannu ta fata,
yana shafa mata mai da dare kamar ƙafar jariri.
Gidan abincin babban titi bai taɓa ba shi kujera ba,
ko da yake mai gidan na tafa masa ran Asabar.
Uwata ba ta ce komai ba. Ta ƙara faranti.

Sai wata Laraba a Yuli.
Uku da uku, zagaye na bakwai,
Eusebio na tasha ta uku, taku talatin tsakaninsa da gida,
ya duƙa, yatsunsa na taɓa ƙura.
Ubana ya ce, "Lavonne, ciro huɗu."
Na ciro. Tana hannuna
sama ta tsage.

Alƙalin wasa ya cire hula, ya dubi hadari,
ya ce gobe a ƙarasa.
To, gobe ta Allah ce.
Tamu ta zo da takardar waya mai layi biyu:
asusu ya ƙare, gasa ta watse.

Ruwa ba ya tsami banza.
Tun bazara benci ke yin giɓi kamar bakin tsoho,
mutane sun sayo akwatin talabijin,
suna kallon manyan birane daga kan kujerar falo,
ba sauro, ba hayaƙi, ba hula mai zagawa.

Rigunan aka bai wa 'yan sakandare.
Turakun fitila wani gari ya saye.
Bencin ya zama shingen aladun Delbert Yoakum.
Allon kaɗai ya tsaya, uku da uku,
shekara goma sha ɗaya,
ubana ya hana kowa sauke lamba
har guguwa ta sauke su duka dare ɗaya.

Yau taraktoci ake sayarwa a wurin.
Na san inda tasha ta uku take:
ƙarƙashin wata koriya mai sabuwar taya.

Bayan shekara talatin wasiƙa ta zo daga Tampa,
rubutu na rawa, tambaya ɗaya:
"Har yanzu ina ta uku?
Ki gaya wa babanki gwiwata ta gaji."
Ban rubuta masa cewa mun binne baba ba.
Na ce ana jiran ruwa ya ɗauke.

Huɗun tana nan a kicin ɗina, ta yi tsatsa a gefe.
A kanta nake sauke tukunya in ta yi zafi.
Jikana ya tambaye ni huɗun mene ne,
na ce ta wani ce, bai iso ba tukuna.