Madarar Shayin Gobe

Laraba ce, ranar da kuɗin mako ke fara rama.
Na sauka daga torotoro a Aboabo
da baƙin man Suwame a ƙarƙashin farce,
an riga an sallame magariba.

Nasiba ta tafi aikin dare.
Ta bar min saƙo a bayan rasit ɗin wuta,
ta danne da gwangwanin gishiri:
"Kifi na firji. Dankali na ƙarƙashin benci.
Kar ka saya musu wake da shinkafa yau kuma.
Na ƙirga ledojin jiya."

To. An kama ni.

Fuseina na ƙasa da littafin lissafi,
tana tauna gindin biro.
Alasan ya ce yunwa ta kai masa gwiwa,
na ce ta tsaya nan, kar ta hau.

Dankali bakwai, ɗaya ya fara tsiro.
Hannun da ya saba da sifana
yana fere ɓawo da rabin tsoka.
Na yanka ƙanana, don ƙarami ba ya jayayya da wuta.
Ruwa, gishiri, murfi.

Albasa ta faɗa mai tana masifa
kamar Anti Akosuwa mai kifi in ka taya mata ƙasa.
Wurinta aka sayo wannan,
ta rantse wa Nasiba da asuba ma iyo yake.
Tafarnuwa uku, citta rabin yatsa,
attarugu ɗaya tak, saboda bakin Alasan.

Ƙaya na zare ɗaya bayan ɗaya da fitilar waya,
don masu wuta sun yi halinsu.
Fuseina ke riƙe, hasken na rawa,
tana tambayata bakwai sau takwas.
Hamsin da shida, matso da hannunki.

Na buɗe tukunya, romo tsararo,
ba ya ko gaisawa da cokali.
A saman kabad ga madarar gwangwani, guda ɗaya,
ta shayin safe,
Nasiba ta ja mata layi da ido tun Litinin.
Na daɗe ina kallonta.
Na huda ta wuri biyu da tsinin wuƙa.

Rage wuta, da tsohuwata na nan haka za ta ce,
madara ba ta son gaggawa, tsinkewa take.
Na tsiyaya a hankali, fari ya ratsa ja,
na murƙushe dankali kaɗan da bayan ludayi
har romon ya yi jiki, ya fara numfashi,
ɓul, ya huta, ɓul.
Kifi ne ƙarshen shiga. Minti biyar.
Ban juya ba, kunnen tukunya na kama na girgiza.

Munkaila tela ya leƙo ta taga da hanci a gaba:
"Wace amarya aka kawo gidan nan ba labari?"
Na ce wuce, amaryar na da gemu.

A tire ɗaya muka ci, a ƙasa, a duhu,
ba mai magana sai cokali.
Alasan ya tsinci ƙayar da ta tsere min,
ya ɗaga ta sama kamar wanda ya ci kofi.
Fuseina ta side gefe da yatsa,
ta ce gobe ma Mama ta je aikin dare.
Na ce kul, wannan ta tsaya tsakaninmu.

Tun kafin mu zauna na ɗebe tsakiyar kifin
a kula mai shuɗin murfi.
Ƙarfe bakwai za ta shigo, ƙafa a kumbure,
warin asibiti a mayafi,
ta ɗora ruwan zafi, ta miƙa hannu saman kabad.

Na juya rasit ɗin, ta cinye wurin duka,
sai na rubuta a gefe, a karkace,
da biron da Fuseina ta tauna:
"Shayi baƙi ne yau.
Buɗe kular kafin ki fara faɗa."