Abin da Guduma Ta Ji

Da sassafe suka ciro shi daga ruwa a Cangas,
ƙugiya ta rataye shi kamar sa a mahauta,
gansakuka na ɗiga daga cikinsa.
Lura sunansa, sunan kifin nan mai fesa tawada.
Shekara talatin da huɗu a duniya.
Ya ƙetare Atlantika sau biyar, in ji mai shi.
Littafin tafiya ya ce huɗu.

Ni aikina ƙwanƙwasa.
'Yar guduma gare ni, kanta bai kai ƙwan kaza ba,
da ita nake tambayar jirgi abin da mai jirgi ba zai faɗa ba.
Ƙwas, ƙwas, lafiya.
Ƙwas, ƙwas, lafiya.
Haƙarƙari bayan haƙarƙari, kamar likita da ƙirjin yaro.

Sabela ce ta ɗauke ni.
Malamar lissafi daga Ourense, garin da bai san teku ba.
Ta sayar da gidan da uwarta ta bari,
ta kasa kuɗin kashi-kashi tun kafin ta zo:
na jirgi, na sababbin filafilai,
na shekara biyu ta shinkafa da kifin gwangwani.
Tana bina da littafi a buɗe, ba ta duba shi,
jigon jirgin take kallo har wuyanta ya ƙage.

Breixo na zaune a kan garwar fenti,
hannu ɗaya na rawa, ya danne shi da ɗayan.
Ina ɗan shekara tara ya koya mini
ƙullin da ba ya kwancewa sai an so.
Kuɗin nan na gidan kula da tsofaffi ne.
Duk tashar ta sani, ba bakin da ya furta.

Ƙwas, ƙwas.
Ƙwas.
Buf.

Ƙasan injin, taƙi biyu daga inda ƙarfen gindi ya kama jiki.
Na sake bugawa. Muryar tulun da ya tsage.
Ruwa ya shiga tsakanin fata da fata,
ya yi shekaru yana zaune ba haya.
A nan bakin gaɓa, jirgin zai ga jikokinta.
Amma kwana goma sha biyu daga kowace ƙasa,
cikin dare, teku ta tashi tsaye?
Ban sani ba. Kuma rashin sanin nan shi ake biyana in faɗa.

Na ɗaga kai. Tsoho na kallon tsuntsaye.
Ya ji. Kunnen da ya haddace kukan kowace igiya
ba zai rasa wannan ba.

Na zagaye wurin da alli,
na rubuta yuro dubu bakwai, in an yi sa'a.
Allin ya karye.

Ta yi lissafinta a tsaye, leɓe na motsi,
shekara biyu ta koma ɗaya da 'yan watanni.
Ta ce a rage bakwai. Ya ce uku.
Sai shiru, wanda ya fi cinikin tsawo.

"Dutse ne," in ji shi, "a Cabo Verde.
Da hannun nan na toshe shi, lokacin yana jin magana.
Na zaci ya warke."
Ya share hanci. "Biyar. Amma in za ki fasa wurin,
ki bar ni in riƙe miki fitila."

Ta dubi hannun mai rawa, ta dubi da'irar alli.
Fitila za ta yi rawa. Ta sani.
Ta miƙa nata.

Ya bi ta har ciki yana haki:
famfon nan sai an lallashe shi,
matakala ta biyu tana kuka, kada ki gyara,
ita ke gaya miki wani ya farka.

Ni bai ce mini uffan ba har la'asar.
Da zai wuce ya zare gudumar daga aljihuna,
ya auna ta a tafinsa,
ya mayar.
"Can baya ta hagu," ya ce, "akwai wani. Ka tsallake shi."