Littafin Sista Briskila

Na zo ne da kyamara da gorar ruwa,
kamar kowane ɗan yawon buɗe ido.
Da hantsi muka bar Gombe,
muka wuce Kumo, muka sha fura a Billiri.
Direba ya ce, me za ka gani a gidan sistoci?
Na ce masa, tsohon gini.
Iyakar sanina ke nan.

Bayan Kaltungo kaɗan muka saki kwalta.
Ƙofar ƙarfe ce, fentinta ya gaji.
Mangwaro uku a tsakar gida,
sun girmi duk mai numfashi a wurin.
A reshen ɗaya an rataye ƙararrawa,
ko da na matsa, ashe tsohon wilin mota ne.

A bakin ɗakin ibadarsu na tsaya,
na rasa ko a nan ma ana cire takalmi.
Na dai cire.
Sista Briskila ta dubi ƙafafuna ta yi dariya:
mu ba ma cirewa, ɗana,
amma daɓen ya gode.

Tana tafe tana jan ƙafar hagu,
makullai na kuka a ƙugunta.
Da mu ashirin da biyu ne, in ji ta,
yau mu huɗu, ɗaya ba ta tashi.
Ga keken ɗinkin da ya zo ta jirgin ruwa.
Ga rijiyar da ba ta taɓa ba mu kunya ba.
Ga kushewa bakwai a jere,
ruwan sama ya lashe rabin sunayen.
Wannan ta zo tana da ashirin da shida,
zazzaɓi bai bar ta ta ga damina biyu ba.

Ina ta ɗauka, ƙyas, ƙyas,
kamar mai tsince gyaɗa a gonar wani.

Ɗaki na ƙarshe yana warin jemage da tsohon magani.
Nan ake haihuwa, ta ce.
Sai bakina ya riga ni:
Inna takan ce a gidan Nasara aka haife ta,
da fitilar ƙwai, cikin ruwan sama,
mu kuwa mu yi ta dariya,
wa zai kai matar ruga gidan Nasara?

Ba ta yi dariya ba.
Wace shekara?
Na ce, shekarar da aka koma tuƙin dama.
Sunan kakarka?
Ta hau kujera, ni ina riƙe da ƙafar kujerar,
ta sauko da littafi mai baƙin bango,
gara ta ci gefensa ta bar tsakiya.
Ta lashi yatsa. Shafi, shafi, shafi.
Ƙudan zuma ɗaya yana dukan gilashin taga.

Ga shi, da shuɗin tawada, rubutu a kwance:
Dudu, matar Jauro Sambo, an kawo ta a kan jaki.
Mace. Ta zo da ƙafa. Uwa da ɗiya sun rayu.
Lada: ƙwaryar nono ɗaya.

Na karanta sau uku.
Wanda ya zo kallon gidan mutane
ya tarar da cibiyarsa a binne a bayan ɗaki.

Azahar ta yi, ban ce komai ba.
Ita ta miƙo mini buta,
ta ce gabas tana wajen mangwaron tsakiya,
ba kai ne na farko ba.
Ina sujada wata ta bugi wilin nan,
su ma lokacin nasu ya yi.

A mota na kira Inna.
Ta yi shiru har na zaci layi ya yanke.
Can ta ce, ai na faɗa muku.
Sannan ta ce, ƙwaryar fa,
sun mayar mana da ita?