Minti Bakwai a Garejin Tankari

A Bukoki, bayan garejin Tankari,
inda ake ɗinke ƙarfe da wuta,
nan muke zaman fada in rana ta faɗi:
butar shayi a kan garwashi,
bafil guda mai tsagaggen baki
an ɗaure shi da robar taya.

Illa ne ya zo da waƙar cikin salula.
Wani direban tirela ya tura masa a hanyar Gaya.
Masu ita metal suke cewa,
mu muka raɗa mata kiɗan ƙarfe.
Minti bakwai ce, har da ɗoriya.

Da fari jita ɗaya ke lalube,
kamar mai neman takalminsa cikin duhu.
Can sai ganguna su rufto,
ƙanƙara bisa rufin kwano,
wani ƙato ya buɗe maƙogwaro
har karen maƙwabta ya amsa masa.

Mainasara ya dire kofi.
"Wannan waƙa ce? Injin markaɗe ne ya haɗiyi cokali.
Ina amshi? Wa ake yabo?
Mutum na ihu kamar kunama ta shiga wandonsa,
ku kuna kaɗa kai kamar ƙadangaru."

Tankari ya ce, "Kunnenka na ado ne.
Shekara ashirin ina dukan ƙarfe, na san hannu.
Makaɗin nan da ƙafa biyu yake bugu
kuma ko sau ɗaya bai yi tuntuɓe ba.
Ya zo gobe, in miƙa masa guduma."

Illa dai minti na huɗu yake jira.
"Ku yi shiru, ga ta nan, ga ta nan!
Ku ji yadda jitar ke hawa,
gurmi ne wannan da ya sha kuran."
Ya runtse ido, yatsunsa na tafiya a kan iska.

Nomau ya fi kowa tsanani, don shi masoyi ne.
"Tsohuwar tasu ta fi.
Wannan tsakiyarta ruwa ce, an tsinka miya.
Tun da suka sauya mai ganga, albarka ta tashi."
Ka tambaye shi ƙasarsu, sai ya hau hura wuta.

Ana haka Barira ta zo karɓar motonta,
za ta kwanan aiki a ɗakin haihuwa.
Ta tsaya, hular kwano a hannu.
"Maido baya kaɗan."
Aka maido.
Ta ce, "Ban san yarensa ba,
amma wannan ba ihun fushi ba ne.
Kullum ina jin irinsa wajen ƙarfe uku na dare,
lokacin da abu ya ƙi fita
kuma ba shi da hanyar komawa."
Ta tada moto, ta bar mu da hayaƙi.

Ni ban ce uffan ba.
Ban faɗa musu kowace safiya
da ita nake haye gada zuwa Harobanda ba,
waya a kunne, kogi a ƙasa,
don ita kaɗai ta fi bashin da ke kaina ƙara.
Minti bakwai ba na jin sunan mai gidan haya.

Saura kaɗan ta ƙare, batir ya mutu.
Shiru ya zauna tsakaninmu kamar baƙo.
Tankari ya ɗauki sifana
ya ƙarasa ƙarshen a jikin tsohon gatarin mota:
kwan, kwan, ƙwarrr.

Mainasara, yana juye shayi na uku,
bai ko ɗago kai ba ya ce,
"Ba haka take ba.
Sau uku yake bugawa, ya ɗan numfasa,
sannan ya saki."