Sunan da Ba Na Kira

Ruwan Oktoba na tsiyaya a Lesta.
Ina can ƙuryar shagon Kokila, a titin Belgrave,
keke a gabana, allura a leɓe,
igiyar awo a wuya kamar carbi.

Saura kwana huɗu a shiga Navratri.
Dare tara ne, kowane dare da launinsa,
mai shago ta manna jerin a jikin ƙofa:
yau ruwan ɗorawa, gobe kore, jibi ruwan toka.
Wadda ta saɓa, idon ƙawaye ya ishe ta hukunci.

Hetal ta shigo, lema na ɗiga, kakarta na biye.
Aka sauko mata da siket goma sha ɗaya,
chaniya suke ce masa,
faɗinsa ya isa shimfiɗar baƙi shida,
an dasa masa madubai ƙanana kamar sulalla,
an jera wuri a bakinsa.

Ta ɗaga ja, ta ce ya cika ihu.
Ta ɗaga shuɗi, ta ce irinsa ta sa bara, yana nan a hoto.
Mai ruwan hoda ya yi mata, kuɗinsa ne bai yi ba,
fam ɗari da tamanin.
Ta ajiye shi a hankali
kamar mai mayar da jaririn wata.
Kaka na kan kujera, ba ruwanta da launi,
'yar rigar sama take aunawa da ido:
"Wannan fa, ina sauranta?"

Can sai tsohuwa ta kwance jakar leda.
Siket ne ruwan goro, ya sha wanki, ya sha shekaru,
madubi uku sun zube, gurbinsu kamar giɓi.
Da shi na baro Kampala, in ji ta.
Akwati ɗaya na iya ɗauka,
na bar tukwane, na naɗe wannan.

Hetal ta saka, ta juya sau ɗaya tak.
Haske ya watsu a rufi,
ya bi bango, ya faɗa cikin kofin shayina.
Ba wanda ya ƙara zancen ruwan hoda.
Ƙugun ya yi yawa da yatsa huɗu.
Nan aikina ya shigo.

"Anti Ladiyo, za ki zo garba?"

Allura ta soke ni.

Ba su sani ba. Ina za su sani?
Rawar tasu ta zagaye, ta tafi da ƙafa ba takalmi,
sunanta garba.
Mutumin da ya koya mini taka keke a Funtuwa,
shekara ashirin da shida ina ce masa Maigida,
in ce Baban Sa'a, in raina ya ɓaci in ce "wai kai",
ban taɓa ɗora sunansa a harshena ba
har ran da aka fita da shi a makara.
Ga shi yanzu a bakin kowa,
a jikin bango, a bakin direban bas,
tikitin garba, kayan garba, wa zai kai ni garba.
Shi da ko a bikin ƙanensa bai ɗaga ƙafa ba!

Na ce, ni da isha'i akwai alkawari,
kowa da alƙiblarsa, 'yata.
Amma miƙo siket ɗin.

Kokila ta bar mini makulli.
Na farke ɗinkin da wani tela ya yi a Kampala,
hannunsa ya iya, Allah ya sani,
na rage yatsa huɗu, ban yanke ko zare ba,
wata rana yarinyar za ta nemi abinta.
Na lalubo madubi uku a gwangwanin maɓallai.
Sababbin sun fi haske,
tsofaffin sun fi sanin fuska.

A na ukun na hango bakina, ɗan mitsitsi.
Ba kowa a shagon sai ni da ruwan sama.
Na cire allura daga leɓe.
Na kira shi.

Sannan na taka keke.